Wace na'ura za mu haɗa ta zama sabar wasa a gida?

Sadiq: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ina neman shawara. Mu takwas ne, muna son saba, wato kwamfutar da za mu riƙa haɗuwa a kanta mu yi wasa tare ta intanet, da za ta zauna a kunne dare da rana a gidan ɗayanmu. Wasan Minecraft na Java da mod (ƙarin abubuwan da ake ɗora wa wasa) shi ne babba, sai Valheim lokaci-lokaci, wasu kuma na maganar Palworld. An nuna mana tsohuwar sabar kamfani mai firosesa Xeon guda biyu, ƙwayoyinta (core, sassan firosesa masu yin lissafi) sun haura ashirin. Mu ɗauka?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Kar ku ɗauka. Yawan ƙwaya ba shi ne maganarku ba. Sabar Minecraft tana lissafa duniyar wasan sau 20 a kowace daƙiƙa, wato kowane zagaye yana da milisakan 50 kacal, kuma kusan dukan wannan lissafi a kan ƙwaya ɗaya yake hawa. In ƙwayar ba ta gama a kan lokaci ba, wasa ya fara jan ƙafa, sauran ashirin ɗin suna zaune ba aikin fari. Tsofaffin Xeon irin E5 ƙwayarsu ɗaya ba ta da sauri. Core i3-12100 mai ƙwaya huɗu zai bar su a baya a wannan aiki, haka ma Ryzen 5 5600.

Nafisa: Ga kuma wuta da ƙara. Na'urar da ke cin wat 100 ba hutu, a shekara kilowat-awa 876 ke nan. Ƙaramar kwamfutar ofis da ke cin wat 10 in ba aiki, ƙasa da 90. Fankokin sabar kamfani kuwa don ɗakin na'urori aka yi su, mai gidan da za a ajiye ta ba zai yi barci ba.

Sadiq: To wace ƙaramar kwamfuta ke nan, Yaya Nafisa?

Nafisa: Waɗanda ofisoshi suka gama amfani da su: Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny, HP EliteDesk Mini. Ka nemi mai firosesa i5-8500T ko abin da ya fi shi sabunta. Ƙwaya shida ne, yana karɓar RAM sanda biyu irin na laftof, da gurbin SSD na NVMe. Harafin T ɗin yana nufin an rage masa ƙarfi don kada ya yi zafi, saboda haka in kun samu mai ɗan girman akwati da i5-8500 marar T, ya fi gudu. Kafin a kunna a buɗe, a hure ƙura, a canza man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya shi, domin tsohon ya bushe.

Haruna: Ni da ƙaramar kwamfuta mai firosesa Intel N100 zan ba da shawara, wutarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Malam Bashir: Haruna, don Terraria ko Minecraft marar mod na mutum uku zuwa huɗu, na yarda. Amma RAM sanda ɗaya yake ɗauka, Intel kuma 16GB ta rubuta a matsayin iyakarsa. Mutum takwas da tarin mod, kowa yana tafiya gefensa ana ƙirƙirar sabuwar ƙasa, zai durƙusa. Raspberry Pi ma kada wani ya kawo shi: Minecraft na Java zai tashi a kansa, amma sabar Valheim da Palworld don x86 aka gina su, wato irin firosesan Intel da AMD, sai an bi ta manhajar fassara Box64, wahala ce kawai.

Zainab: Bari in yi maganar RAM, don nan ake yawan yin kuskure ta ɓangare biyu. Minecraft marar mod na mutum takwas, 4GB ya isa. Tarin mod mai nauyi, tsakanin 6 zuwa 10. Valheim, wanda iyakarsa mutum 10, ku ware masa kamar 4. Palworld shi ne mai haɗama, waɗanda suka ƙirƙiri wasan da kansu 16GB suka ce, kuma yana ƙara ci in ya daɗe a kunne, shi ya sa ake sa masa lokacin sake tashi kullum da asuba. In duka ukun za su zauna tare, 32GB. Ku sayi sanda biyu na 16, ba ɗaya na 32 ba, don hanya biyu ta buɗe tsakanin RAM da firosesa.

Ɗaya kuskuren: a bai wa Java dukan RAM ɗin na'ura. In kuna da 16 kuka sa -Xmx16G, wato iyakar RAM ɗin da Java zai ɗauka, tsarin na'urar bai da wurin numfashi, Linux zai kashe sabar ba sallama. A bar wa tsarin aƙalla 2GB. A kuma daidaita -Xms (RAM ɗin da Java ke farawa da shi) da -Xmx su zama lamba ɗaya. Daga Minecraft 1.20.5 zuwa jerin 1.21 Java 21 ake buƙata, tsofaffin tarin mod na 1.12.2 kuwa Java 8 suke so, in aka haɗa ba daidai ba ko tashi ba zai yi ba.

Sadiq: Katin hoto fa? Akwai wanda ya ce zai ba mu nasa.

Zainab: Ya riƙe abinsa. Saba ba ta zana komai. Abin lura ɗaya: Ryzen 5 5600 da duk Intel mai F a ƙarshe ba su da na ciki, za ku buƙaci kati ranar girka tsarin. 5600G ko i3-12100 marar F sun raba ku da wannan.

Injiniya Kabir: Kun yi ta maganar akwati, ba wanda ya taɓa intanet, alhali nan ne aikin ke yawan mutuwa. Sadiq, kafin ku sayi ko dunƙulen waya, a shiga shafin rauta na gidan da za a ajiye sabar, a duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. A kwatanta shi da wanda shafukan duba IP ke nunawa. In sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kuna bayan CGNAT ke nan, wato kamfanin ya haɗa ku adireshi ɗaya da wasu, duk ƙofar (port) da kuka buɗe a rauta ba wanda zai shigo. Layukan waya da yawa haka suke. Mafita: ku roƙi adireshin fili daga kamfanin, ko kowa ya sa Tailscale ko ZeroTier, manhajojin da ke haɗa na'urorinku kamar a gida ɗaya kuke, ko ku bi ta playit.gg. Ga abokai takwas ni Tailscale na fi so, tunda ba ƙofar da ke buɗe wa duniya.

In adireshin naku ne, ƙofofin su ne: Minecraft na Java 25565 TCP, Valheim 2456 da 2457 UDP, Palworld 8211 UDP. A kula da TCP da UDP ɗin, mutane na buɗe ɗaya a madadin ɗaya su kwana suna neman laifi. A ba sabar adireshin cikin gida da ba ya canzawa, in ba haka ba rauta ta sake tashi ƙofar ta koma nuna wayar wani. Kebul za a ja mata, ban da Wi-Fi. Saurin aikawa ake dubawa, ba na saukewa ba. Megabit 10 mai tsayuwa zai ɗauke ku, muddin ba wanda ke loda bidiyo a gidan lokacin wasa.

Haruna: Faifai kuma SSD, 500GB ya wadatar. Tsohon mai juyawa a bar shi don ajiyar kwafi.

Nafisa: Kwafin ma da ƙa'idarsa. In aka kwafi duniyar Minecraft saba tana cikin rubutu, ana iya samun gurɓataccen fayil. A tura save-off, sannan save-all, a kwafa, sai save-on. Kwafi ɗaya ya riƙa fita daga na'urar zuwa wurin wani a cikinku. UPS ƙarami, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, shi ma ya shiga lissafi, a jona masa rautar tare, a kuma shiga BIOS a kunna zaɓin da ke sa na'ura ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

Malam Bashir: Tsari kuwa Debian ko Ubuntu Server marar tebur. Sabar Valheim da Palworld ta manhajar SteamCMD ake girka su. A Minecraft, ranar farko a sa mod ɗin Chunky ya ƙirƙiri ƙasa tun kafin kowa ya shiga, kamar bulo 3000 kowane gefe, don ƙirƙirar ƙasa ita ce ta fi gajiyar da firosesa. A sauke view-distance zuwa 8, simulation-distance zuwa 6. A kunna whitelist, wato jerin waɗanda aka yarda su shiga, a bar online-mode a true, domin akwai masu yawo suna laluben ƙofa 25565 a buɗe su shiga su rushe gini.

Sadiq: Allah ya saka da alheri. Na duba rautar yanzu, 100.72 ne farkon adireshin.

Injiniya Kabir: CGNAT ne. Ku fara gwada Tailscale da laftof ɗin wani na dare ɗaya, kowa ya shiga ya faɗi ping ɗinsa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo. In mafi yawanku na ƙasa da milisakan 80, ku ci gaba da sayen na'ura. In ya haura 150, a gwada gidan wani.