Ragin ladan Bitcoin: waɗanda sunka gani da ido ku ba mu labari

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya hana ni sakat wai in ba shi jari ya sayi Bitcoin ya aje har 2028 lokacin da za a sake rage ladan masu haƙar Bitcoin (masu tantance cinikinsa da kwamfuta ana biyansu da sabon Bitcoin), wai ranar nan kuɗi za su yi sama. Don Allah wanda abin ya same shi da kai ya faɗa muna, ban son ji-ta-ji-ta.

Mai POS Arkilla: Wa alaikumus salam yallaɓai. Ni na ga na 11 ga Mayu 2020, cikin azumi ga kullen korona, lada ta sauka daga Bitcoin 12.5 zuwa 6.25, ina zaune bayan asham ina ta latsa waya ina jiran farashi ya tashi, wallahi shiru kake ji, yana nan wajen dala dubu 8 da wani abu. Da sallah ta matso na saida na yi wa yara ɗinki. Nuwamba 2021 ya kai wajen dubu 69, har yau in na tuna sai in sha ruwa.

Malamin firamare, Gawon Nama: Alhaji ai kai ka ma hita da uwar kuɗinka. Ni na 2024 ya kama ni, na ɗauki kuɗin adashe na shiga cikin Maris yana sama da dubu 70 don kowa na faɗin Afrilu Afrilu, anka yi ragin bayan ƙaramar sallah lada ta koma 3.125, sai ga farashi yana zamewa, watan Agusta ya faɗo ƙasa da dubu 60 ga masu adashe na jira, dole na saida da hasara. Disamba ya haura dubu 100, ni ina kallo.

Ɗalibi Danfodiyo: Malam Allah shi maida alheri. Abin da mutane ba su lura ba, ranar ba sirri ba ce, duk bulo 210,000 ake yi (bulo shi ne shafi guda na rajistar cinikin Bitcoin, a kansa ake biyan lada), kusan shekara huɗu, kowa ya sani tun da wuri. Sabbin Bitcoin da ke hitowa kullum ne sunka ragu daga wajen 900 zuwa 450, tsohon kaya na hannun mutane. Kuma a 2024 tun Janairu Amurka ta amince da ETF, wato asusun da ke ba mutane damar sa jari a Bitcoin ta kasuwar hannun jari, manyan kuɗi sunka shigo, shi ya sa ya tashi tun ba a yi ragin ba.

Mai albasa: To ashe irin namu ne. Ko noma ya yi ƙaranci, in rumbu na cike buhu bai tashi sai kayan ajiya sun ja baya, mai bashi kuwa ba ya iya jira.

Ɗan Mabera: Na gode. Yaron nan dai kuɗin hayar shago yake nufi in ba shi, kuma Janairu mai shago ke zuwa karɓa.