Wotakala da Hausa: ni dai "fentin ƙaro" nake gani

1. Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane da masu kishin harshe. Akwai kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta, wato sunan fentin nan da Bature ke kira wotakala, wanda ake jiƙa buroshi a laso launi a shafa a takarda. Masu koyon zane da yawa sun ɗaura niyyar cika shafi ɗaya kowace rana, da fensir da ɗan launi, kuma wannan fenti ne suka fi riƙewa. Abin da hannu ke taɓawa kullum bai kamata baki ya riƙa laluben sunansa ba. Sunayen da na ji suna yawo su ne fentin ruwa, launin ruwa ko kalar ruwa, tawadar launi, da kuma rini. Ni fentin ƙaro nake goyon baya, ga kuma dalilaina.

2. Mu fara sanin abin da ke cikinsa. Garin launi ne da aka niƙa luƙui, aka kwaɓa da narkakken ƙaro, galibi da ɗan gilisarin ko zuma don kada ya tsattsage idan ya bushe. Ruwa ɗan aike ne kawai: ya ɗauki launin ya kai inda buroshi ya nuna masa, ya bushe ya tafi abinsa. Abin da ke zama a kan takarda shekara da shekaru shi ne garin nan da ƙaron da ya manne shi. Ku riƙe wannan, don a kansa hujjata ta tsaya.

3. Fentin ruwa shi ne ya fi saurin zuwa baki, kuma da babu mai shi da na karɓa. Amma yana da mai shi. A bakin masu fentin gidaje, fentin ruwa shi ne imolshan da ake shafa wa bango, fentin mai kuma na ƙofa da taga da ƙarfe. Ka aiki yaro ya sayo maka fentin ruwa, bokiti zai ɗauko maka. Ko a cikin kayan zane ma sunan bai raba gardama ba, domin akirilik, wato fentin da ɗankon roba ke riƙe launinsa, da ruwa ake sirka shi, guwash, fentin nan mai rufe takarda ruf, ma haka. Ɗalibin da aka ce masa ya zo da fentin ruwa ya zo da akirilik bai yi laifi ba, amma darasin ranar ya lalace, saboda akirilik idan ya bushe ya bushe ke nan, ruwa ba ya ƙara tayar da shi.

4. Launin ruwa da kalar ruwa bin sawun wasu harsuna ne. Larabawa suna cewa alwan ma'iyya, Faransawa suna cewa akwarel, wanda suka aro daga Italiyanci, duk dai ruwa ne tushen kalmar. A can ta zauna daidai. A Hausa kuwa ruwa kansa kalmar launi ce: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan ganye. Idan na ce na sayo launin ruwa, tambayar da za ta biyo baya ita ce, ruwan me? Wani kuma zai ɗauka launin da ruwa yake da shi nake nufi, shuɗi-shuɗin nan na tafki. Sunan da sai an bi shi da bayani duk lokacin da aka faɗe shi ba zai yi ƙarko ba.

5. Wani malaminmu da nake girmamawa ya kawo tawadar launi. Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ga inda ka dosa, don ana sa ƙaro a wasu tawadoji, kuma kalmar tana da daɗin faɗa. Matsalar ita ce masu zanen kullum suna amfani da abubuwan biyu a shafi ɗaya. Su ja layi da alƙalamin tawada irin wadda ruwa ba ya narkarwa, su jira ta bushe, sannan su bi da launi a kai. Har ma akwai Inktober, wanda Jake Parker na Amurka ya fara a 2009, inda ake yin zanen tawada ɗaya kowace rana a watan Oktoba. Idan muka kira duka biyun tawada, yaya za a gaya wa mai koyo ya bari tawada ta bushe kafin ya sa tawada?

Rini kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba. Rini narkewa yake gaba ɗaya ya kama zare. Wannan fentin gari ne da ke kwanciya a fuskar takarda, har ana iya ɗage wani sashinsa da jiƙaƙƙen buroshi.

6. Yanzu ga fentin ƙaro. Ba sabon tsari na ƙirƙiro ba. Me ya sa muke cewa fentin mai? Saboda mai ne ke riƙe garin launin a cikinsa. To, abin da ke riƙe launi a wannan shi ne ƙaro, ɗankon nan da bishiyar dakwara da danginta ke fitarwa, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi zuwa kasuwar duniya, Chadi da Nijeriya suna biye. Fentin mai, fentin ƙaro. Kunnen da ya saba da na farko ba zai yi tuntuɓe da na biyu ba.

Abin da ya fi ja na gare shi shi ne sunan yana koyarwa tun kafin malami ya buɗe baki. Wanda ya san ƙaro ya san yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, kuma duk ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya sake narkewa. Halin wannan fenti ke nan kaf. Shi ya sa launin da ya bushe a faranti jiya ba asara ba ne, ɗigon ruwa biyu ya ishe shi ya farfaɗo. Shi ya sa kuma idan ka cika goga buroshi a kan launin da ka riga ka shimfiɗa, na ƙasa zai taso ya cakuɗe da na sama, zanen ya yi dagwalo. Mai koyo da ya riƙe kalmar ƙaro a ka, zai gane dalilin waɗannan biyun da kansa.

7. Wannan halin ne ma ya mai da shi fentin kullum. A 1781 wata ƙungiyar raya fasaha ta Landan ta karrama William Reeves saboda busassun dunƙulen launi da ake gogawa da ruwa, waɗanda suka rage wa mai zane wahalar niƙa da kwaɓi duk lokacin da zai yi aiki. Kamfanin Winsor & Newton, da aka kafa a 1832, ya fito da masu danshi a 1835 ta hanyar sa gilisarin, yadda buroshi na taɓawa launi zai taso. A 1841 John Goffe Rand ya yi rajistar bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga ciki. Daga nan kayan aikin suka koma abin da zai shiga aljihu: ƙaramin akwati, buroshi ɗaya, kwalbar ruwa, littafin zane. Fentin mai yana cin kwanaki kafin ya bushe, kuma galibi da sinadari ake wanke buroshinsa. Wannan kuwa cikin 'yan mintoci ya bushe, ka rufe littafinka ka kama gabanka.

Kuma masu wannan fasaha sun daɗe da sanin cewa yawan yi ne ke gyara hannu. Turner na Ingila, da ya rasu a 1851, ya bar littattafan zane kusan 300, suna ajiye a gidan adana zane na Tate. Da yawa daga shafukan ba kammalallen aiki ba ne, gwaji ne: yadda hadari ya haɗu, yadda haske ya faɗa a kan teku, layi biyu uku da shafen launi. Tun kafin shi, a 1502, Albrecht Dürer na Jamus ya zana zomon nan da har yau ake nuna wa ɗalibai, inda ya haɗa wannan fenti da guwash. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya, a zane ma haka abin yake.

8. Bari in nuna yadda zaman rana ɗaya yake, don ku ji ko sunan yana shiga magana ba tare da tilas ba. Ka ɗauki busasshen ganye ka ajiye a gabanka. Ka zana siffarsa da fensir, a hankali, ido ya fi daɗewa a kan ganyen fiye da kan takarda. Sannan ka jiƙa cikin siffar da ruwa zalla har takardar ta yi ƙyalli, ka laso rawaya ka taɓa gefe ɗaya. Za ka ga launin ya bazu da kansa, ya tsaya cak a inda jiƙon ya ƙare, domin fentin ƙaro ba ya tsallaka busasshen wuri. Kafin ƙyallin ya ɓace ka ɗiga launi ruwan ƙasa kusa da jijiyar ganyen, ka cire hannunka. A nan ne masu koyo suka fi shan wahala, cire hannun. Idan ka koma da buroshi mai ruwa da yawa bayan takardar ta fara shanyewa, ruwan zai ture launin gefe ya bar tabo mai baki-baki. Idan ya bushe kuma za ka tarar ya fi yadda ka gan shi haske, don haka gobe sai ka ƙara masa ƙarfi kaɗan. Farin da ke cikin zanen farin takarda ne da ka bari, shi ya sa ake farawa daga mai haske a gangaro zuwa mai duhu.

A gefen shafin sai ka rubuta kwanan wata da abin da ka lura: ruwa ya yi yawa, takarda ta kumbura, a gwada mai kauri, wadda ake rubuta wa giram 300. Wannan ɗan rubutun na gefe, a ganina, rabin karatun ne, kuma shi ne dalilin da ya sa na damu da kalmar. Mutum da harshen da yake tunani yake rubuta wa kansa gyara.

9. Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma ba na raina su. Wata 'yar'uwa mai koyar da zane ta ce ai guwash ma da ƙaro ake yin sa. Gaskiya ne, Malama, kuma ni ina ganin riba ce. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, ruwa na tayar da kowannensu. Bambancin shi ne ɗaya shara-shara ne, ana hango takarda ta cikinsa, ɗayan yana rufe abin da ke ƙasa ruf. Sai mu bar fentin ƙaro ga na shara-shara, tunda shi ne ya fi yawa a hannun mutane, guwash kuma mu ce fentin ƙaro mai rufi, ko mu bar masa sunansa.

An kuma ce wasu kamfanoni yanzu da ɗankon masana'anta suke haɗawa, masu araha kuma da ɗankon sitaci. Haka ne. Amma alƙalami ma da can na kara ne, yau ga biro muna kiran sa alƙalami ba wanda ya ruɗe. Suna asali yake bi.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na rubutu. Wanda wayarsa ba ta da ƙa mai lanƙwasa zai rubuta fentin karo, karo kuwa wani abu ne daban. Don Allah duk mai rubuta shi ya sa lanƙwasar, musamman yanzu da kalmar take sabuwa.

Masu cewa a bar wotakala kawai, tunda buroshi da fensir da fentin kansa duk aro ne, suna da hujja, kuma ba zan hana kowa faɗa ba. Sai dai wotakala ba ta gaya wa Bahaushe komai game da abin, fentin ƙaro kuwa tana gaya masa.

10. Ga gwaji a jimla, ku karanta da ƙarfi ku ji. Na yi zanen yau da fentin ƙaro. Wannan takardar ba ta ɗaukar fentin ƙaro. Ta fi ƙwarewa a fentin ƙaro fiye da fentin mai. Ku zo da fensir da akwatin fentin ƙaro gobe. Ni ban ji inda harshe ya sarƙe ba. Aikin da aka gama kuma sai a ce zanen fentin ƙaro, kada a gajarta shi zuwa zanen ƙaro, don za a ɗauka hoton ƙaron aka zana.

Idan wannan ta karɓu, saura kalma ɗaya da ake bukata kusan a kowane darasi: sunan launin nan mai ruwa-ruwa da ake malala wa fili mai faɗi, kamar sararin sama, da babban buroshi daga sama zuwa ƙasa. Ni shimfiɗa nake cewa, shimfiɗar farko, shimfiɗa ta biyu. Masu koyarwa, me kuke ce wa ɗalibanku?