"Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa": wanda bai taɓa zuwa na ɗaya ba ya sha romon kuwa?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu auna wannan karin magana a kan wani Bafaranshe, Johan Clarey, ɗan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Fanninsa tseren gangara ne, inda mutum yake sako kansa daga ƙololuwar dutse a kan allunan zamiya biyu, agogo yana ƙirga masa lokaci. An haife shi a 1981 a garin Annecy, ya shiga gasar kofin duniya, wadda jerin tsere ce da ake yi kowace shekara, a 2003, ya yi ritaya a 2023. Cikin shekara 20 ɗin nan bai ci tsere ko ɗaya ba a gasar. Ya zo na biyu, ya zo na uku, amma na ɗaya ya gagara. Sai ga shi a Fabrairun 2022, a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing, yana da shekara 41, ya ɗauki lambar azurfa, ya zama mafi tsufa da ya taɓa samun lambar Olamfik a wannan wasa. A ganina ya dafa dutse ya sha romo.

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba. Romo shi ne biyan buƙata. Ɗan tsere me ya fita nema? Ya zo na ɗaya. A Beijing ɗin ma Beat Feuz na Suwizalan ne ya tafi da zinare, ya riga shi da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Dutsen ya dahu, wani ya shanye. Ni abin da zan ce masa shi ne "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", a juye: abin da ba rabonka ba, ko ka miƙa hannu ba ka kai.

'Yar Damagaram: Malam Ɗan Gwale, lambar Olamfik fa aka ce. Duk bayan shekara huɗu ake yi, mutum uku kacal ke hawa dandamali. Wannan bai isa romo ba?

Ɗan Gwale: Ya isa abin alfahari, Hajiya. Amma karin maganar alkawarin cikar buri take yi.

Malam Na-Rijiya: Ku dakata 'ya'yana, kun tsaya kan romo kun bar murhu. Wanda ya ɗora dutse a wuta zaune yake a gindin murhu, yana iza itace, ruwa yana ƙonewa yana ƙarawa, masu wucewa suna ce masa mahaukaci. Haƙurin da magabata suke nufi a nan aiki ne da ba a fasawa, shi ya sa suka ce "dafa", ba su ce "jira" ba. To ku dubi wannan bawan Allah. Shekara shida ya yi a gasar kafin ya fara shiga cikin ukun farko, a Val Gardena ta Italiya a Disamban 2009. Ya sha raunuka, ya warke ya dawo. Lambarsa ta farko a gasar zakarun duniya sai a 2019 ta zo, azurfa a tseren Super-G, wani nau'in tsere mai kama da na gangara amma ya fi shi yawan kwana, a Åre ta Suwidin, yana da shekara 38, lokacin da yawancin sa'o'insa sun rataye takalma. A Janairun 2023, da shekara 42, ya sake zuwa na biyu a Kitzbühel ta Ostiriya, a gangaren Streif da 'yan wasan kansu suka fi shakka, inda tun farkon hanya ake faɗawa wani wuri mai tsananin gangara har mutum ya tashi sama mita da yawa kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Mai shekara 42 ya tsaya a bakin wannan ƙofa, gwiwoyinsa sun ga jiya sun ga yau, ya tura kansa. Idan ba wannan ne iza wuta ba, ban san mene ne ba. Kuma karin maganar ba ta faɗi yawan romon ba.

Baban Amira: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wurin nan na "dafa" ban taɓa lura da shi ba.

Injiniya Mai Kwano: Ni wata ce ta faɗo mini: "sauri ya haifi nawa." A Janairun 2013 a Wengen ta Suwizalan, a gangaren Lauberhorn mai tsawon fiye da kilomita 4, an auna gudun Clarey a kilomita 161.9 cikin sa'a, mafi sauri da aka taɓa aunawa a tseren kofin duniya. Amma Christof Innerhofer na Italiya ne ya ci tseren ranar. Dalili kuwa ana auna gudun ne a wani miƙaƙƙen yanki guda, tseren kuma kusan minti biyu da rabi ne, cike da kwana. Wanda ya shiga kwana da ƙarfin da ya wuce kima sai ya buɗe da yawa, ya zubar da abin da ya tara.

'Yar Damagaram: A'a Injiniya, wannan karin magana ta mai gaggawa ce, wanda garajensa ya ja masa komawa baya. A wasan da sauri ne sana'ar, ba za a zargi mutum da sauri ba. Kuma ba ka nuna mana cewa gudun nan ne ya kayar da shi ba.

Injiniya Mai Kwano: Ban ce shi ya kayar da shi ba, Hajiya. Cewa nake yi mafi gudu a wuri ɗaya ba lallai ya riga kowa isa ba.

Ɗan Gwale: Baba, na ji bayaninka, kuma na girmama shi. Amma ga abin da ke damuna da yadda muke jefa wannan magana. Akwai abokin wasansa David Poisson, shi ma Bafaranshe, ya ci tagulla a gasar zakarun duniya ta 2013. A Nuwamban 2017 ya rasu a wurin atisaye a Nakiska ta Kanada, yana da shekara 35. Shi bai yi haƙuri ba ne? Ga Cyprien Sarrazin, ya ci tseren Kitzbühel biyu a Janairun 2024, a Disamba na shekarar ya faɗi a atisaye a Bormio har aka yi masa tiyata a kai. Idan muka ce duk mai haƙuri zai sha romo, me za mu ce wa iyalan wanda wutar ta mutu masa tukunya na kan murhu?

Malam Na-Rijiya: Tambaya ce mai nauyi, ɗana. Ka lura "yakan" aka ce. Abu ne da ke faruwa, ba a ɗauke shi rantsuwa ba. Kuma kowace magana da muhallinta. Wannan ana faɗa wa mai rai ne da ya fara karaya, don ya ƙara itace. A gidan makoki ba ita ake ɗauka ba, can sai a ce Allah ya ba da haƙurin rashi. Wanda ya kai ta can shi ya yi kuskure.

Ɗan Gwale: Wannan na karɓa. Batun romo dai ina nan kan bakana, azurfa azurfa ce.

'Yar Damagaram: To Malam, Jean-Luc Crétier ya ci zinaren Olamfik a tseren gangara a Nagano a 1998, shi ma bai taɓa cin tseren kofin duniya ba. Rana ɗaya ta yi masa kyau. Shi da Clarey da ya yi shekara 20 yana fafatawa a gasar, wa kake ganin ya fi cancantar a yi masa wannan karin magana?

Ɗan Gwale: Hajiya, ki ba ni zuwa bayan la'asar, wannan sai na yi tunani.