Ledar da ke cikin takin juji, tana cutar da albasa ko kuwa?

Manomin Maggiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da garka ta albasa can wajen Galmi, shekara ukku ke nan ina sayen takin juji daga gari saboda takin zamani ya yi tsada. To bana da munka zo gyaran fangali sai na duƙa na ɗebi ƙasa a hannu, wallahi cike take da ɓarɓashin leda, baƙa da fara, wata kamar ɓawon gyaɗa wata kamar dussa, ka taɓa ta ta ruguje. Manyan muna tsincewa mu da yara amma waɗannan ƙananan hwa ba su tsintuwa. Kuma na lura fangalin da ledar ta fi yawa shi ke riga bushewa. Shin abin nan shina shiga cikin albasa ne, ko ƙasar kawai yake ɓatawa? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Ɗan Ader:
Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka gani gaskiya ne, leda ba ta ruɓewa kamar kashin shanu, rana ce ke gasa ta ta farfashe, kuma ka san zafin ranar garin Tawa. Duk guntun da bai kai milimita 5 ba shi masana ke kira ɓarɓashin roba, kuma wanda idonka ya gani shi ne babba, akwai wanda sai da madubin likita. In ya yi yawa shina hana ƙasa dunƙulewa, shina buɗe ma ruwa hanya ya tsere sama da wuri, saiwa kuma in ta ci karo da guntun leda sai ta lanƙwashe ta bi gefe. A ƙasar Sin, yankin Shinjan, sun shekara da shekaru suna shimfiɗa leda a gonakin auduga don riƙe laima, ragowar ta taru cikin ƙasa har amfanin ya fara raguwa a gonakin da ta yi yawa.

Batun shiga cikin shuka kuma, a 2020 an gwada da alkama da salati, anka ga ƙananan sosai suna kutsawa ta 'yar tsagar da sabuwar saiwa ke fitowa, su hau har ganye. Amma a ɗakin gwaji ne anka yi, kada ka tada hankalinka ka ce albasarka ta zama guba. Ni abin da ya fi damuna ƙasar ce, don abin da ya shiga ba shi fita, tsutsar tana ma na jan shi can ƙasa inda hauya ba ta kai.

Baba na Badagishiri:
Ɗana, mu nan tassa muke yi, wato ramukan shuka, kowane rami ka zuba mai taki cikin hannu biyu ƙwarin gara su zo su yi aikinsu. Da can juji toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, ka kai gona ka kwana da murna. Yanzu ledar piya wata ta fi tokar yawa. Ni na sa an yi min rariya ta waya, sai na tankaɗe kafin a loda ma amalanke, akwai wahala amma kullum sai na fidda abin da ya cika buhu. Kuma kada ka tara ka ƙone cikin garka, hayaƙin mugu ne ga ƙirji.

Uwar Biyu Yamai:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni tunkiyata ce ta rame tana ci ba ta ƙiba, da anka yanka ta abin da anka fiddo cikin tumbinta leda ce dunƙule guda, har yau abin na min ciwo. Kuma ai tun 2014 akwai dokar hana irin ledar nan mai laushi a Nijar, amma ka sayi tumatir na dala ashirin sai an ƙulla maka shi a leda biyu. Ni dai na koma tahiya kasuwa da kwandona.

Manomin Maggiya:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baba rariyar nan ramukanta kamar yaya, irin ta masu tankaɗe rairayin gini ce ko ta fi ta ƙanana? Akwai amalanke biyu da na riga na biya kuɗinsu, ban so a sauke su cikin fangali haka nan.