Baƙar laga ta ƙananan masu dafa giya: me harshenku ya ji a kurɓin farko?

Ɗan Kafanchan, daga Nuremberg

Jama'a, barkanmu da war haka. Na buɗe wannan zance ne domin 'yan'uwa da suka zauna ko suka ziyarci Jamus da Jamhuriyar Cek, waɗanda aka taɓa ajiye wa kofin baƙar laga, wato giyar lager mai duhu, irin wadda ƙananan gidajen dafa giya ke yi, su faɗa mana abin da suka ji. Na san da yawa daga cikinmu Musulmi ne da ba sa kusantar giya, kuma ba na kiran kowa zuwa ga abin da addininsa ya hana shi; wanda ya san abin ta hanyar aiki ko karatu, shi ma muna son jin ta bakinsa.

A shekarata ta biyu a nan, wani abokin aikina ya kai ni wani ƙauye a yankin Franconia na jihar Bavariya, inda iyali ɗaya ke dafa giyar da ba ta wuce ƙauyukan da ke kewaye da su. Mun zauna a kan benci ƙarƙashin itatuwa, bisa wani tudu da aka fafe cikinsa aka yi ɗakin ajiyar ganguna, aka kawo mana rabin lita kowa a kofin gilashi mai hannu. Da na ga launinta sai na ɗaure fuska tun kafin in kai baki, domin abin da na sani da wannan kama a gida shi ne Guinness, mai ɗaci da nauyi, wadda ƙarfinta ya kai kashi 7.5 cikin 100. Abokin nawa ya ce in fara ɗaga kofin saitin rana, sai na ga ashe ba baƙa wuluk ba ce, ja ce mai duhu kamar zoɓon da aka dafa da kauri, kumfarta kuma kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. Ƙanshin da ya fara dukan hancina na ɓawon burodi ne da aka ciro daga tanda. A baki kuwa gardi na ji, irin na soyayyiyar gyaɗa ko ƙanzon shinkafa da bai ƙone ba, sai ɗan ɗaci kaɗan can ƙarshe da ya wanke zaƙin ya tafi. Suna kiranta Dunkel, wato mai duhu, ƙarfinta kuma wajen kashi 5 ne kawai. Tun daga ranar nake mamakin yadda ido ya yi mini alƙawarin abu ɗaya harshe ya tarar da wani, shi ya sa nake son in ji ko haka ta faru da ku.

'Yar Pankshin, daga Gera

Yayana, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Thuringia, kuma a wannan ɓangaren abin da aka fi sani shi ne Schwarzbier, wadda ta fi taku ta Bavariya duhu, ta fi ta ƙarancin zaƙi, tana kuma da ɗan ƙanshin kofi da baƙar cakulan. Garin Bad Köstritz yana dab da mu, can ne ake yin Köstritzer, wadda tarihin gidan da ke dafa ta ya koma 1543, ƙarfinta kuma kashi 4.8. Sai dai wadda ta fi kwanta mini a rai ta wani ɗan ƙaramin gida ce, da nake saye kwalba biyu ko uku a kasuwar Asabar.

Karon farko ban ji komai ba, kuma laifin nawa ne. Na bi al'adarmu ta gida, inda ake son abin sha ya yi sanyi ƙarara har kwalba ta riƙa zufa, na tura ta can ƙuryar firiji ta kwana. Da na zuba, ruwan sanyi mai ɗan ɗaci kawai na ji. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ce in bar ta a kan tebur kamar minti goma sha biyar kafin in buɗe, in kuma karkata kofin in zuba a hankali, sannan in miƙe shi a ƙarshe domin kumfa ta tsaya kamar faɗin yatsu biyu. Daga baya na gane ana son ta tsakanin digiri 8 da 10, domin tsananin sanyi yana rufe ƙanshi. Da na yi haka sai duk abin da ka lissafa ya fito.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tunawa da kakata, wadda ta yi shekaru tana dafa burukutu. Giyar biyu ba su yi kama ba ko kaɗan: burukutu yana da kauri da tsami, ana shan sa yana kan tashi, in ya wuce kwana biyu ya lalace, ita kuwa wannan tatacciya ce da aka bari ta huta makonni. Amma ƙanshin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, ƙanshin tsiron hatsi da kakata ke shanyawa a kan tabarma a bayan ɗaki, muna yara muna satar ƙwaya muna taunawa saboda zaƙinta.

Bakatsine, daga Freising

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ban taɓa sha ba kuma ba zan sha ba, amma ina karatun fasahar sarrafa abinci a Weihenstephan, inda ake koyar da ilimin tsiron hatsi da dafa giya, don haka zan iya amsa tambayar ɗan'uwa daga inda nake tsaye. Launi da ƙarfi hanyoyinsu daban ne. Ana jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a bar shi ya yi tsiro wasu kwanaki, sannan a busar da shi da iska mai zafi. Idan zafin ya tsaya wajen digiri 80 sai a sami farin tsiro. Idan ya haura 100 kaɗan sai a sami wanda ake kira tsiron Munich, mai ƙanshin burodi, shi ne ƙashin bayan Dunkel. Idan kuwa aka juya shi a cikin ganga mai zafin da ya wuce digiri 200, kamar yadda ake gasa kofi, sai ya fito baƙi. Wannan baƙin kaɗan ake sawa a Schwarzbier, bai kai ɗaya bisa goma na hatsin ba, kuma sau da yawa an cire masa ɓawo domin kada ƙauri ya shiga. Ƙarfin maye kuwa yana zuwa ne daga yawan sukarin da yis ya cinye, kuma gasasshen tsiro ba ya ƙara sukarin kirki.

A ɗakin gwaji an taɓa jera mana tsiro iri shida a ƙananan kwanuka aka ce mu tauna bi da bi. Farin kamar biskit yake, na Munich kamar ɓawon burodi, wani mai ƙyalli a ciki kamar alewar da aka ƙona sukarinta, na ƙarshen kuma sai da na nemi ruwa. Na kuma ɗanɗani ruwan tsiron tun kafin a sa masa yis, lokacin babu ɗigon barasa a ciki, na ji shi kusan ɗaya da Maltina ko Malta Guinness da muke sha a gida, sai dai bai kai su zaƙi ba.

Dalilin da ya sa kuke jin ta wasai babu ƙanshin 'ya'yan itace shi ne irin yis ɗin, wanda ke aiki a sanyi, wajen digiri 8 zuwa 12, ya kwanta a ƙasan tukunya, sannan a ajiye giyar makonni a sanyin da ya kusa daskarewa. Kalmar laga kanta daga kalmar Jamusanci ta ajiya ta fito. Ina kuma jan hankalin 'yan'uwa Musulmi da ke zuwa nan: kwalbar da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa, doka ta yarda ta ƙunshi har kashi 0.5, don haka wanda ke son kauce wa shubuha ya nemi mai alamar 0,0 ko ya tsaya a kan Malztrunk, wato abin sha mai zaƙi na tsiron hatsi, irin su Vitamalz da Karamalz, ya kuma karanta bayan kwalbar.

Baban Sabon Tasha, daga Kaduna

Yarana, Allah ya yi muku albarka da wannan zance. Na yi shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin dafuwa na wani kamfanin giya a nan Kaduna kafin in yi ritaya, kuma duk tsawon lokacin farar laga muke yi. Ban taɓa kai baƙar laga bakina ba sai da ɗana da ke aiki a ƙasar Cek ya ɗauke ni na je Prague, ya kai ni U Fleků, gidan da ake dafa giya tun 1499. Giyar da aka san su da ita baƙa ce, suna kiranta mai digiri 13. Ɗana ya tsorata, yana zaton kashi 13 na barasa ake nufi, na ce masa wannan awon sukarin da ke cikin ruwan tsiro ne kafin yis ya taɓa shi, ƙarfinta bai wuce kashi 5 ba.

Ta Cek ta fi wadda 'yata ta Gera ta kwatanta cika baki, tana da zaƙi irin na ƙonannen sukari, da kumfa mai laushi da ke barin zobe a jikin kofi bayan kowane kurɓi. Wannan zoben shi na fara dubawa, domin ga wanda ya yi aikin, shaida ce cewa kofin wankakke ne babu maiƙo, kuma ba a yi rowar tsiro ba. Na riƙe kurɓin farko a baki, na haɗiye, na fitar da numfashi ta hanci ina neman ƙanshin man shanu ko na dafaffiyar masara, waɗanda su ne ke tona asirin giyar da aka yi wa gaggawa. Ban ji ko ɗaya ba. A babban kamfani kowace rana da giya ta ƙara a tanki kuɗi ne, shi ya sa ake ta neman hanyar rage kwanaki. Ƙaramin mai dafuwa da ya bar tasa ta kwanta mako shida ko takwas ya sayi abin da inji ba ya bayarwa.

Ku kuma sani cewa baƙar ce uwa. Lagar Bavariya mai duhu ce tun asali, har zuwa 1842 da Josef Groll ya dafa mai launin zinariya a garin Plzeň na ƙasar Cek, wadda daga baya ta mamaye duniya har ta iso mana. Ruwan Munich mai yawan alli ya fi dacewa da tsiro mai duhu, shi ya sa suka daɗe a kanta, sai a 1894 kamfanin Spaten na Munich ya fito da tasu farar.

Ɗan Numan, daga Bamberg

Ina neman afuwar Baba da sauran 'yan'uwa, domin tawa ba ta zo da daɗi ba. Baƙar lagar da na fara cin karo da ita ita ce Rauchbier ta nan Bamberg, wadda ake busar da tsironta a kan hayaƙin itace. Da na kai hanci sai na ji ƙanshin bandar kifi sak, irin wadda ake yi a bakin Binuwai, kuma duk da ina son banda a miya, zuciyata ta ƙi karɓar ta a kofi. Mutanen gari suna cewa sai a kofi na uku ake gane ta. Ni ban wuce rabin na farko ba, kuma ba na ganin hikimar tilasta wa kai sha har sai abu ya yi daɗi. Karo na biyu na sayi kwalbar Dunkel a wani shago, na ji ta lami, tana warin jiƙaƙƙen kwali, da na duba sai na ga kwanan watanta ya wuce. Giyar ƙananan gidaje sau da yawa ba a dafa ta a kwalba domin ta daɗe, don haka ba ta jure zaman kanta ko zafi. Sai a karo na uku, da aka zuba mini kai tsaye daga ganga tare da gasasshen nama da burodin hatsi mai tsami, na ji gardin da kuke faɗa, na kuma lura cewa ɗan ɗacin nata yana yanke maiƙon naman.

Ɗan Kafanchan, daga Nuremberg

Na gode muku ƙwarai. Jiya na koma ƙauyen nan na tambayi mai gidan tsawon lokacin da giyarsa ke kwanciya, ya ce mako shida, kamar yadda Baba ya faɗa. Baba, tunda ka yi aiki a kamfanin giya a gida, shin za a iya samun wannan gardin daga tsiron dawa?

Baban Sabon Tasha, daga Kaduna

Ɗana, ina bakin aiki a 1988 lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, muka koma kan dawa da masara, kuma mun sha wuya kafin mu gane kanta. Dawa ba ta da ɓawon da ke zama matata a ƙasan tukunya kamar sha'ir, don haka tacewa kan ɗauki lokaci. Sitacinta ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, wanda ke kashe sinadaran da ya kamata su mayar da shi sukari, har sai an ƙaro su daga waje. Amma gasawa ba ta gagare ta. Na taɓa soya tsiron farafara a kasko a gida, ina juyawa a kan ƙaramar wuta har ya yi launin kofi, na jiƙa shi a ruwan zafi na kurɓa, na ji gardi sosai, sai dai ya fi karkata ga gasasshiyar masara fiye da burodi. Jar dawa kuwa bauri take kawowa idan aka gasa ta da yawa. Wanda zai gwada ya fara da farafara ko kaura, ya sa gasasshen kaɗan a cikin farin tsiro, ya kuma tabbatar yana da wutar da za ta riƙe masa sanyi mako shida ba tare da yankewa ba.