Wa ya taɓa ɗauko tambaya daga gem ya kai wa malaminsa?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'ar Zangon Kumasi. Ina so in ji ko ni kaɗai ne. Wasan bidiyo na Assassin's Creed Mirage nake bugawa, wanda Ubisoft suka fitar a 2023. A Bagadaza aka kafa labarin, shekarar 861, zamanin Abbasiyawa. Kana tafe a kan rufin gidaje sai ka ji ladan ya ɗaga murya, ka leƙo ƙasa ga kasuwa cike. Da na je darasin bayan Magariba sai na tambayi Malam su wa ke raye a lokacin. Ya ce Imamu Ahmad bin Hambal bai daɗe da rasuwa a garin ba, a 855. Bukhari kuwa yana raye har 870, Muslim har 875. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Tun ina yaro nake jin "rawahul Bukhari", amma ban taɓa kawo wa raina mutum ne da ya sha ƙurar hanya, ya ratsa irin waɗannan lungunan yana neman hadisi ba. Wa ya taɓa samun irin haka?

Ustaz na Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ka kai wa Malam tambayar, ba ka tsaya kan abin da allon talabijin ya nuna maka ba. Wani ɗalibina ya zo yana musu da ni kan mutuwar Halifa Mutawakkil, hujjarsa wai ya gani da idonsa a wasan. A 861 fadar halifa ma ba a Bagadaza take ba, ta koma Samarra tun 836, kuma a can dogaransa Turkawa suka kashe shi. Ganuwar Alamut ta ƙasar Farisa da suke nunawa a wasan, sai 1090 Hasan Sabbah ya karɓe ta. Inda suka yi ƙoƙari shi ne zagayayyen birnin Bagadaza da Halifa Mansur ya kafa a 762 da ƙofofinsa huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan, ta Sham. Malaman hadisi ba sa karɓar labari sai sun ce "wa ya faɗa maka?" Na ce da yaron ya riƙa yi wa wasan wannan tambayar.

Hajiya ta Sawaba: Ku yi haƙuri Ustaz, ni dai ban ga wannan alherin a gidana ba. Nawa yaron gem ɗin ƙwallo kawai yake bugawa har tsakar dare, Asuba sai na yi ta bugun ƙofa, makarantar Asabar da Lahadi kuma yana can yana gyangyaɗi a kan allo. Ga kuɗin wuta. Yanzu na'urar tana cikin akwatina.

Mai gyaran waya a Kejetia: Hajiya, Allah ya shirya mana shi, kina da gaskiyarki. Ni nawa labarin da Baba ne. A wasan Crusader Kings III, in ka fara daga 867, za ka iya ɗaukar Daurama ta Daura ka yi mulki da ita. Wata rana ina bugawa a tsakar gida, Baba yana kan buzunsa da carbi, sai na ce, "Baba, zo ka ga Daura da Kano a kwamfuta." Ya sa gilashi, ya kai yatsa kan taswirar, ya ce in ja ta kudu, in ƙara ja. Ashe Salaga yake nema, tsohuwar kasuwar goro a arewacin Ghana. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin rijiyar Kusugu da Bayajidda, sannan ya gangaro kan kakansa, wanda ya biyo ayarin fatake da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron Asante. Ya faɗi aikin madugu da na jagaba, da yadda ake yada zango in rana ta yi. Na girma a gaban mutumin nan, bai taɓa zaunar da ni ya faɗa mini daga ina muka fito ba sai ranar. Abu ɗaya ne bai yi masa daɗi ba, da ya ga addinin da aka rubuta wa Hausawan lokacin Bori ne. Ya yi shiru, can ya ce to, kafin zuwan Wangarawa da Musulunci ne.

Ɗaliba a jami'ar KNUST: Yaya, abin da ke ci mini rai ke nan. Mansa Musa da hajjinsa na 1324 suna cikin wasan Civilization, Sunjata na Mali yana cikin Age of Empires II, Sarauniya Amina ta Zazzau ma ta shiga Civilization VII a 2025. Namu na nan fa? Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya karantar a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da na zuwan Nasara. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malamai Musulmi a kusa da fadar Sarkin Asante Osei Bonsu. Rubuce-rubucen malamanmu suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon, yaran Zango nawa ne suka san da su? Kwamfuta nake karanta, kuma na fara zana ƙaramin wasa na ayarin goro daga Kano zuwa Salaga. Matsalata ajami, ba na iya karanta hannun mutanen da.

Ustaz na Asawase: 'Yata, wannan mai sauƙi ne. Rubutun Magaribi ne, irin na allo: fa'un ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ki nemi izinin mahaifinki, ki zo da 'yan uwanki ranar Alhamis bayan La'asar, mu fara da shafi ɗaya.

Mai gyaran waya a Kejetia: Ni kuma zan tambayi Baba ko zai yarda a naɗi muryarsa.

Hajiya ta Sawaba: Ustaz, in da wuri zan turo nawa, ya zauna a baya ya saurara. Na'urar dai sai an yi hutu.