Muhawara: taurin naɗi shi ne ingancin ledar fiya wata?

Mai gidan ruwa, Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Ni fa a wajena, rol ɗin leda mai kyau shi ne wanda aka naɗe tam, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar dutse. Mai sako-sako ba na karɓa, ko an yi mini ragi.

Ofaretan injin leda, Dakace: Gaskiyarka Alhaji. Iska ce ke shigewa tsakanin ledar. Kana ɗora shi a Keke Napep, kafin a kai Kwangila tsakiyar ta zamo ta fito gefe.

Injiniya, Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, a gafarce ni, rabin maganar ke nan. Leda tana ci gaba da tsukewa bayan ta fito daga inji. In aka ja ta da ƙarfi wajen naɗi, sai ta matse kwalin tsakiya mai inci 3 har ya lotse, ya ƙi shiga sandar injinka. Wani lokaci ma ta manne da juna, kana warwarewa tawadar na tashi.

Mai gidan ruwa: To su ja daidai wa daida mana, tun farko har ƙarshe.

Injiniya: Shi ma bai fi ba. Ana farawa da ƙarfi ne a gindi, a riƙa sassautawa yayin da rol ke girma, don kada na waje ya murƙushe na ciki.

Ofareta: Injiniya, wannan karatun jami'a ne. Mu birki muke murɗawa da hannu, mu dafa ledar da yatsu, kuma aiki na tafiya.

Injiniya: Oga, ban raina hannunka ba. Amma duba injin Alhaji mai warwarewa: in birki na nan yadda yake, kaurin rol ya ragu daga santimita 40 zuwa 10, jan da ke kan ledar ya ninka sau 4. Shi ya sa in rol ya kusa ƙarewa take miƙewa, wuƙa ta yanka ta kan rubutu.

Mai gidan ruwa: Ikon Allah! Ni kuwa kullum masu buga rubutun ledar nake zargi.

Ofareta: Na ji. Sai dai in na'urar awon jan leda za ku ce a saka, wuta ta yi sama sau ɗaya ta ƙone. Wa zai biya?

Injiniya: Akwai rola mai lilo, tana hawa da sauka tana sassauta birki da kanta, ba ruwanta da wuta.

Mai gidan ruwa: Injiniya, leƙo gobe bayan La'asar ka duba mini. Amma fa mai sako-sako har yanzu ba na karɓa.